Wayar Sata

Buhu shida na riɗi na kai Maigatari ran Alhamis,
riɗi ya zama kuɗi, kuɗi suka zama kwalaye.
Daga Kano a kan cinya na riƙo su har Gumel,
ban yarda kwandasta ya ɗaure su da awaki ba.

Ga su yanzu a kan tabarma, bayan lisha,
ciki a buɗe kamar ragon da aka feɗe:
ga ƙwaƙwalwa, ga fanka, ga rumbu,
ga hanji baƙi da ja da ruwan ɗorawa.
Ni kuwa mai injin niƙa ne, ɗan bel da giris,
hannuna ya saba da ƙarfen da sai an doke shi yake ji.

Sahura, ɗago fitilar.
Ba idona ba, can cikin lungun.

Babbar wayar haƙoranta ashirin da huɗu,
sau biyu na ƙirga.
Yaron shago ya ce: danna har ka ji ƙas.
Na danna ina salati,
allon ya ranƙwafa kamar bayan tsoho,
sai ƙas.
Gumi ya taru a haɓata,
na tare shi da hannun riga kafin ya ɗiga ciki.

Saura 'yar jar nan mai baki kamar lauje.
Na ce, miƙo min wayar sata.
Inna Ladingo daga ɗaki ta yi wuf:
Wace sata? A gidan nan?
Ubanka har ya koma bai taɓa zangarniyar wani ba!
Na ce, Inna, sunanta ke nan, da gumina na saye ta.
Ta ce, wanda ya raɗa mata suna
bai so ta da arziki ba.

Na juya ta dama, ta ƙi.
Na juya ta hagu, ta ƙi.
Na koma dama, ta shige sumul
kamar ba ita ba.

Ƙananan kuma, masu kai kamar ƙwayar gero,
yatsuna suka yi musu kauri.
Sahura ta ajiye fitila a bakina,
da yatsun da take tsince tsakuwa a wake
ta zaunar da kowace a kan allurarta.

Na jona batirin sola. Bismillah.
Fanka ta juya, gilashi ya yi haske,
ya rubuto layi ɗaya da Turanci:
wai bai ga rumbu ba.

Bai gani ba?
Ga shi nan na ɗaure shi da kusa huɗu!
Na zauna daɓas.
Na tuna shara da huɗa da noman farko,
da ranar da na yi yanka har bayana ya ƙage.
Karen Tsalha ya yi haushi can bayan gari.

Baba, in ji yarinyar,
rumbun nan baki biyu gare shi.
Ka ba shi na magana,
na abinci fa?

Da ruwan ciki ake jan na rijiya.
Na kashe, na zare, na laluba cikin hanjin,
ga ta nan a naɗe, mai faɗin baki,
tun ɗazu tana jira a kira ta.

Wannan karon da na taɓa,
wani abu ya yi gurnani ƙasa-ƙasa
kamar kurciya a cikin kuka.
Na ɗora tafin hannu: yana numfashi.

Gobe zan zuba masa sunayen masu bashin niƙa,
daga Uwale mai ƙosai har liman.
Yau dai kusa ɗaya ta rage a tabarma,
na duba ko'ina, ban ga raminta ba.
Inna ta fito, ta ɗauka, ta ƙulle a bakin zane.
Ta ce, bar ta. Ba a cinye iri.